Ranar da Tsushima Ya Rage Romo

Shekara talatin da ɗaya Tsushima Kikuzo ya yi yana tuƙa bas tsakanin garin Goshogawara da ƙauyukan bakin teku, kuma in aka tattara duk maganar da ya yi a shekarun nan, ba na jin za ta kai mutum daga tasha zuwa gada ta farko. Mutanen yankinmu dama ba su cika surutu ba, ana ma tsokanarmu cewa sanyi ne ya hana mu buɗe baki. To shi nasa ya wuce na kowa. Marigayiya matarsa takan ce namiji mai amsa ɗaya ta aura. In ta tambaye shi ko abinci ya yi, ya ce "Mhm." In ta ce rufin ɗaki yana yoyo, ya ce "Mhm," sai washegari ta tarar an gyara. Ba su haihu ba. Da ta rasu ya ci gaba da zama shi kaɗai a ɗan gidansu na bayan layin dogo, yana wanke kayansa, yana shanya su a jere kamar za a zo dubawa.

Abu ɗaya ne bai taɓa koyon yi wa kansa ba, wato karin kumallo. Wannan tun yana saurayi a shagon ramen na Narumi yake yinsa, a wani lungu bayan tashar mota. Kujeru tara ne jere a gaban kanta, ana ɗaga labulen ƙofa ƙarfe bakwai na safe, ana saukewa in romo ya ƙare. Ba a sayar da komai sai abu ɗaya: taliya siririya cikin romon busassun ƙananan kifi, da yankan nama biyu da ɗan lawashi a sama. Romon baƙi-baƙi ne, yana da wani ɗan ɗaci a ƙarshen harshe wanda baƙi kan yamutsa fuska a kai, mu kuma saboda shi muke zuwa. Tsushima ya fara shiga ne lokacin da yake sauke motar farko ta asuba, hannunsa a sandare don sanyi. Ya yi ritaya, bai fasa ba. Kujera ta uku daga bango tasa ce, kowa ya sani, har wanda bai san sunansa ba.

Mai shagon kuwa, Narumi, ba mai kiran sunansa. Taisho ake ce masa, yadda ake kiran duk mai irin wannan shago. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga zuciya a kusa, ga girman kai a kan tukunyarsa wanda ya isa a raba wa mutum biyar. Tun da ya buɗe shagon bai taɓa tambayar kowa yadda ya ji abincin ba. A ganinsa wannan tambayar ɓata baki ce, domin ba wanda zai zauna a gabanka, ka ba shi abinci da hannunka, ya dube ka ya ce bai yi ba. Kowa godiya zai yi ya fita. Shi kwano yake dubawa. Duk wanda ya gama zai ɗaga kwanonsa ya ɗora a saman kanta, Taisho ya karkato shi ya leƙa kafin ya tura wa 'yarsa Mitsue ta wanke. In an shanye romon har ƙasa, shi ke nan, ya ji abin da yake son ji. In an rage, ranar nan kowa ya yi hankali da shi.

Amma ba duk kwano yake ɗauka da muhimmanci ba. Na mata masu tsoron ƙiba bai dame shi ba, na matafiya kuwa ko a jikinsa. Na Tsushima ne ma'auninsa. Shekarun baya akwai ranar da Tsushima ya tashi da ciwon haƙori, ya daure ya ci taliyar, ya bar romo kamar kaurin yatsa biyu ya fita. Bai yi bayani ba, ina ya saba. Kafin rana ta yi tsaka Taisho ya juye tukunyar gaba ɗaya a kwata, ya ɗauki buhun kifin ya kai wa wanda ke kawo masa, ya dire a ƙofarsa, suka yi cacar baki har mutane suka taru. Sai bayan kwana biyu aka gano haƙori ne. An yi dariya a garin har aka gaji, amma Tsushima bai yi ba. Ya gane cewa abin da yake bari a ƙasan kwano ya fi duk maganar bakinsa nauyi, kuma daga ranar, ko zazzaɓi yake yi, sai ya ga ƙasan kwano yake tashi.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da Taisho ya cika saba'in da shida. Wajen ƙarshen sanyi ya faɗi a bayan shago, aka kwantar da shi mako biyu, ya fito da leda cike da magunguna da ƙarin masifa. Ya koma bakin tukunya. Taliya ba ta canja ba, romon kifin ma haka, domin waɗannan hannu ne da ido. Abin da ya canja shi ne haɗin. Kowane shagon ramen yana da haɗinsa, baƙin ruwan waken soya da gishiri da abubuwan da mai shago ba ya faɗa, wanda ake zuba ludayi ɗaya a ƙasan kwano kafin romo. Taisho shi kaɗai yake yin nasa, a ɗakin baya, ƙofa a rufe, yana ɗanɗanawa da ɗan faranti yana ƙarawa. Mitsue shekara ashirin da biyar tana shagon, tana yanka, tana tafasa taliya, tana wanki, amma ba ta taɓa riƙe ludayin haɗi ba.

Lokacin da itatuwan tuffa suka yi fure ne Tsushima ya fara jin gishiri ya yi yawa. Ya ce ko bakinsa ne. Mako ya zagayo, ya san ba bakinsa ba ne. Kafin zafi ya shigo sosai, gishirin ya kai inda in ya kurɓa sai ya ji ƙeyarsa ta ɗaure. Ya dubi Taisho ta cikin tururi, ya gan shi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, sai ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye. Tausayi ne, ba wani abu ba, kuma a lokacin ya ɗauka abin kirki yake yi.

Ba shi kaɗai ba. Akwai Kasai-san, tsohuwa mai gonar tuffa, wadda bakinta ba ya riƙe komai sai a gaban Taisho, da Osanai mai aski, wanda ke zuwa kafin ya buɗe shagonsa. Su ukun nan suka koma haɗuwa a rumfar jiran mota bayan sun ci, kowa da gorar ruwa a hannu, ba tare da sun taɓa shirya haka ba.

"Ni dai in na mutu kada wanda ya yi gaggawa," in ji Kasai-san wata safiya, tana goge baki. "Gishirin da ke jikina zai riƙe ni har baɗi ban lalace ba."

"Ke da kike rage rabi?" in ji Osanai. "Ni fa nake shanyewa. Jiya almakashi na riƙe, na ga yatsuna sun kumbura kamar na jariri."

"Wa ya aike ka? Tsoro ne, ba kirki ba. Ƙaton banza, tsoho ya harare ka ka haɗiye teku."

"To ke ki faɗa masa mana, tun da ke ce jaruma."

"Ni? Ya ce mace ce, me ta sani. Ai ba kwanona yake kallo ba." Ta juya ta zunguri Tsushima da gwiwar hannu. "Ga mai babban kwano nan. Direba, kai ba ka da harshe ne, ko a mota ka mance shi?"

Tsushima ya kurɓi ruwa.

Osanai ya ciro wayarsa. Shi ne mai bin abin da matafiya ke rubutawa a kan shagunan gari, yana karantawa da murya kamar mai labarai. Wani daga birnin Sendai ya ba shagon tauraro biyu cikin biyar, ya ce kamar ka faɗa teku baki buɗe. Wata ta ce taliyar ta yi, amma ta yini tana neman famfo. Wani kuma ya ce shi ba gishirin ne ya kore shi ba, tsohon ne, da ya tsaya a kansa yana leƙen kwanonsa kamar ɗan sanda. Akwai wani yaro mai son nuna sani da ya ba da biyar cif, ya ce wannan shi ne ainihin ɗanɗanon mutanen arewa, wanda bai iya ba ya tafi gida.

"Wannan bai shanye ba, na rantse," in ji Kasai-san. "Hoto kawai ya ɗauka."

Osanai ya taɓa gwada karanta wa Taisho ɗaya daga cikinsu, cikin wasa. Taisho ko juyowa bai yi ba. "Harshen 'yan birni," ya ce. "Su je su sha madara. Kiku shekara arba'in yana ci a nan, ka ga ya rage?" Tsushima, wanda shi ne Taisho ke kira Kiku, yana zaune a kujerarsa ya ji wannan, taliya a bakinsa.

Kujerun dai suka fara zama babu kowa. Ma'aikatan tasha da ke cika wurin da safe suka koma wani shago. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya ce uffan. A garinmu haka ake barin wuri, mutum ya yi godiya da kyau, ya sunkuyar da kai, ba za ka ƙara ganinsa ba. Ni wannan hali namu yana ba ni haushi, ko da yake ni ma haka nake yi.

Ana tsakiyar tsinkar tuffa, wata rana da la'asar, Mitsue ta zo gidan Tsushima. Shekararta arba'in da tara, furfura ta fara fito mata, amma duk tsofaffin shagon Mitchan suke ce mata, kamar har yanzu yarinyar nan ce mai yin aikin makaranta a ƙarshen kanta. Ta ƙi shiga ciki, ta tsaya a bakin ƙofa da ledar tuffa a hannu.

"Tsushima-san, ka yi haƙuri na zo ba sanarwa. Maganar Baba ce."

Ya karɓi ledar ya tsaya.

"Ba ya jin gishiri. Tun da ya fito asibiti. Likita ya ce magungunan ne, da shekaru, wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Shi bai yarda ba. A gida ma sai ya tsiyaya wa shinkafa ruwan soya har ta yi baƙi, ya ce na daina iya girki." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Na faɗa masa sau ɗaya. Kwana uku bai yi mini magana ba. Na huɗu ya ce wadda ba ta taɓa haɗawa ba ita za ta koya masa? Ya ce in je in dubi kwanonka."

Tsushima ya dubi takalmansa da ke jere a bakin ƙofa.

"Ba cewa na yi ka yi magana ba, na san ka. Ka dai rage. Sau ɗaya. In kai ka rage zai yarda." Ta ɗago ta dube shi. "In aka kai sabuwar shekara a haka, ba sauran wanda zai shigo. Kuma mutane za su ce ramen ɗin Narumi dama haka yake. Shi ne abin da ba na so, Tsushima-san. Shekara hamsin, a tuna shi da wannan."

Ta tafi, ya zauna a bakin ƙofar har ƙafarsa ta yi sanyi. Ba wai bai fahimta ba. Matsalar ita ce ya fahimta fiye da yadda Mitsue ke zato, domin an taɓa yi masa irin wannan.

Yana da shekara hamsin da tara lokacin. Akwai wata mai sayar da kifi da ke shiga motarsa kullum daga ƙauyen ƙarshe, ta zauna a kujerar gaba da kwandonta. Wata safiya da za ta sauka, ta tsaya a matakala ta ce, a gaban mutane, "Direba, yau sau biyu ka kusa goge sandar bakin hanya. Jiya sau uku. Idonka na hagu ne. Ka je a duba kafin ka zubar da mu a rami." Ta sauka abinta. Ya ji kamar ta tuɓe shi a kasuwa. Shi da bai taɓa ko ƙwarzanar mota ba! Ya je asibiti ne don ya ƙaryata ta, likita ya ce gefen idon ya mutu, kuma ya daɗe da mutuwa. Cikin wata guda ya miƙa hula da makulli. Daga baya ne wani abokin aiki ya gaya masa, yana dariya, cewa ai an daɗe da lura, fasinjojin da suka saba da shi tun kaka suka koma zama ɓangaren dama. Mutum arba'in suna shiga, suna gaishe shi, suna godiya in za su sauka, kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya zaɓi kujera ya yi shiru.

Matar nan bai taɓa yafe mata ba. Gaskiyar ke nan, ko da ba ta da daɗin faɗi. In ya hango ta a kasuwa sai ya canja layi. Da ta rasu bai je ba. Ya san ta cece shi, ta ceci wasu, amma duk da haka in ya tuna muryarta sai ransa ya ɓaci, har yau da yake da shekara saba'in da uku. Saboda haka ya san abin da Mitsue ke roƙo. In ya yi, Taisho ba zai gode masa ba, kuma mai yiwuwa ba zai ƙara dubansa da idon da ba. Tsushima kuwa ba shi da mutane da yawa. In aka cire kujera ta uku daga bango, da gajeren tsohon da ke ce masa "Kiku, ka makara" ko da bai makara ba, sai bango huɗu da rediyo.

Washegari ya je da niyya. Ya ci taliya, ya ajiye tsinken cin abinci, ya dubi romon. Taisho ya yi tari a bakin tukunya. Kafin Tsushima ya ankara hannunsa ya ɗaga kwano ya kai baki. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ya ma rage ɗan kaɗan, ya ɗora a kanta, sai ya ga Taisho ya nufo, ya fizgo kwanon ya ƙarasa kamar wanda ya mance. Mitsue tana wanki, ba ta ɗago ba, amma ya ga kafaɗarta ta sauka. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Rana ta huɗu aka tashi da dusar ƙanƙara ta farko a shekarar, 'yar kaɗan, tana narkewa da ta taɓa ƙasa. Mutum huɗu ne a shagon: shi, da Kasai-san, da Osanai, da wani mai gyaran wutar lantarki da ba a sani ba. Tsushima ya ci taliyarsa har ƙarshe, ya cinye naman, ya tsince lawashin. Ya kurɓi romo sau ɗaya da cokali. Sa'an nan ya ɗaga kwanon, cike kusan yadda aka kawo shi, ya ɗora a saman kanta a hankali don kada ya zube, ya mayar da hannuwansa ya danne su a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Taisho ya zo ya kai hannu zai karkato kwanon yadda ya saba, ya ji nauyinsa, ya tsaya.

"Haƙori ne?"

"A'a."

"Ciki?"

"A'a."

Osanai ya daina zuƙar taliya. Mai gyaran wuta ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ajiye abin da zai ajiye ya sulale.

"To mene ne?"

"Gishiri," in ji Tsushima.

Taisho ya ɗauki cokali mai tsabta, ya ɗiba daga kwanon, ya kai baki. Ya juya shi a harshe. Ya sake ɗiba. Duk wanda ke wurin ya ga fuskarsa, fuskar mai neman abu a aljihun da ya san a nan ya sa shi. Ya ajiye cokalin.

"Tun yaushe?"

"Tun furen tuffa."

"Furen tuffa." Ya ƙirga da ido. "Wata shida." Ya juya ga Osanai. "Kai ma?" Osanai ya sunkuyar da kai. "Ke ma?" Kasai-san, mai bakin nan, ta ce ita dai dama ba ta cika shan romo ba.

Tsushima ya yi zaton tsohon zai karaya, ya ma shirya wa hakan. Abin da bai shirya masa ba shi ne fushin. Taisho ya daki kanta da tafin hannu har kwanon ya fantsala.

"Wata shida kana zaune a nan kana yi mini ƙarya! Da kwanona! Ni ina ba mutane guba, ina zagin waɗanda suka faɗi gaskiya, ina zagin 'yata, ina cewa a dubi Kiku. A dubi Kiku! Me ka ɗauke ni, jariri? Ka ga tsoho ya fito asibiti, bari a lallaɓa shi ya mutu da daɗin rai?"

"Na ga ka rame," in ji Tsushima.

"Ramata ta dame ka? Wa ya ce ka dubi wuyana? Abu ɗaya na taɓa nema a wurinka, shekara arba'in, abu ɗaya tak." Ya cire ƙyallen da ke ɗaure a goshinsa ya jefar a kan kanta. "Mitsue, sauke labule. Ku tashi ku ba ni wuri."

Suka fita. A rumfar jiran mota ba wanda ya yi wasa ranar. Kasai-san ta ce, "Ka kyauta, direba," amma shi bai ji ya kyauta ba. Duk kwanakin nan tunaninsa a kan ragewar yake, ko ya yi ko kada ya yi, bai taɓa kawo wa ransa cewa laifin yana cikin shanyewar ba. Shi da ya san zafin abin da fasinjojinsa suka yi masa, shi ne ya zauna wata shida yana yi wa wani, yana kuma jin kansa mutumin kirki. Wannan ya tsaya masa a rai.

Kwana biyar shagon yana rufe, da 'yar takarda a ƙofa mai cewa an ɗan dakata. Kullum da safe Tsushima ya sa rigar sanyi ya bi ta lungun, ya karanta takardar kamar za ta canja, ya wuce ya sayi burodi ya koma gida. Rana ta shida ya hango labule a ɗage. Ya yi tsaye a bakin lungun ya fi minti goma kafin ya iya shiga.

Mitsue ce a bakin tukunya, ƙyalle ɗaure a goshi, idonta ja kamar wadda ba ta samu hutu ba. Taisho yana ta wannan ɓangaren kanta, a kujerar baƙi, da rigar gida, ya zauna a karkace irin na wanda bai saba da wurin ba. Bai ɗago ba.

"Zauna mana, ka tsaya mini a kai. Mitsue, kwano biyu."

Tsushima ya zauna kusa da shi. Suna kallo Mitsue ta ɗebo haɗi da ludayi, ta zuba romo, ta tsame taliya ta karkaɗe sau uku. Ta ajiye musu ta koma can ƙarshen shago tana goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Tsushima ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya ci taliya.

"Ya ka ji?" in ji Taisho. Tambayar ta fito masa da ƙyar. "Da baki za ka faɗa. Kwanonka na daina yarda da shi."

Tsushima ya ajiye tsinke ya yi tunani sosai, domin ya ƙudura ba zai ƙara ko rage ba.

"Gishiri ya yi daidai. Kifin ta tsame da wuri, ɗacin nan naka babu sosai."

"Gyara ke nan ko ɓatawa?"

"Ni ɗacin na saba da shi."

"Ba abin da ka saba na tambaye ka ba."

Tsushima ya ɗago kai. "Nata ya fi."

"Ya fi na wata shidan nan?"

"Ya fi na da ma."

Taisho ya dubi kwanonsa. Tsokar muƙamuƙinsa tana motsi. Ya ɗauki cokali ya kurɓi nasa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sa'an nan ya karkato kai wajen Tsushima, ya yi ƙasa da murya yadda ba za ta kai ƙarshen shago ba.

"Ni ruwan zafi kawai nake ji, Kiku. Shekara ashirin da biyar tana tsaye a bayana. Yau ta yi nata, ba zan taɓa sanin ɗanɗanonsa ba."

Tsushima ya dube shi. Tausayin tsohon ya cika masa ƙirji har ya ji idonsa mai lafiya yana zafi, ya mayar da kai kan taliyarsa.

Taisho ya cinye taliyar a hankali. Ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon har ƙasa, ya miƙe tsaye don ya kai, ya ɗora shi a saman kanta inda 'yarsa za ta gani, ya ce an gode da abinci, yadda kowane mai shigowa ke faɗi.